Kundin Aikin Land Cruiser FJ60: Sauya Inji da Ɗaura Tayoyi Masu Inci 35

6 ga Janairu

Motar da ake wannan aiki a kanta Toyota Land Cruiser ce ƙirar FJ60 ta shekarar 1985, daga cikin jerin 60 da kamfanin ya ƙera tsakanin 1980 da 1990. Doguwa ce mai ƙofa huɗu da ƙofar baya, bodinta yana zaune a kan shasi, kuma gaba da baya duk aksil ne tsayayye a kan sifirin mai ganye. Kafin ta zo hannuna an riga an ɗaga ta da inci biyu da rabi, an sa mata dogayen marataya a bakin sifirin, an kuma ɗaura mata tayoyi masu inci 31.

Injin da ke cikinta shi ne na asali, wato 2F, mai silinda 6 a jere, lita 4.2, mai kafireta, wanda aka ƙiyasta ƙarfinsa a doki 135 lokacin da yake sabo. Inji ne mai juriya da ja a ƙaramin gudu, ba ya son a yi ta matsa masa totur, kuma ina girmama shi ƙwarai. Sai dai nawa ya gaji. Da na gwada matsin silindoji, biyu na tsakiya sun faɗi ƙasa da sauran da nisa, baƙin mai yana raguwa ba tare da ɗiga a ƙasa ba, sannan a kan hawa mai tsauri kafireta takan shaƙe har injin ya mutu a daidai wurin da ba a son ya mutu.

Niyyata ita ce in sa tayoyi masu inci 35. Dalilin abu guda ne: ɗaga mota da sifirin yana ɗaga bodi da shasi kawai, amma tulun aksil, wanda shi ne ya fi kowane abu kusa da ƙasa, yana nan inda yake. Babu abin da ke ɗaga shi sai taya. Daga inci 31 zuwa 35 abin da ake samu a ƙarƙashin aksil inci biyu ne, kimanin santimita 5, kuma duk sauran aikin da zai biyo baya, daga inji har birki, saboda waɗannan inci biyu za a yi shi.

20 ga Janairu

Na daɗe ina auna injina kafin in tsayar da shawara. Dizal na Toyota irin su 12H-T da 1HZ sun fi dacewa da halin wannan mota, kuma da an sami mai lafiya cikin sauƙi da ban duba wani ba. Akwai kuma Cummins 4BT mai lita 3.9, wanda ja ba ya ba shi wahala, amma nauyinsa da jijjigarsa sun yi wa mota mai ɗaukar iyali yawa a ganina. A ƙarshe na zaɓi LM7 na General Motors, V8 mai lita 5.3 da gangar ƙarfe, wanda aka sa wa manyan motocin Chevrolet da GMC daga 1999 zuwa 2007. Ƙarfinsa yana tsakanin doki 270 da 295 gwargwadon shekara, wato ninki biyu na 2F ke nan, kuma da yake an ƙera shi da yawa, kayan gyaransa ba sa wuyar samu.

Wanda na samu daga motar 2004 aka cire shi, tare da akwatin giyarsa 4L60E mai sauya kansa, da wayoyi, da ƙwaƙwalwar inji, da fedar totur. Fedar tana da muhimmanci domin totur ɗin wannan shekara ba kebul ke jan sa ba, lantarki ne, kuma ƙwaƙwalwar ba za ta yarda da wata feda daban ba. Duk wanda zai sayi irin wannan inji, ya nace a haɗa masa waɗannan abubuwa daga mota guda.

10 ga Fabrairu

An fitar da 2F da akwatin giyarsa mai giya huɗu. Na wanke ɗakin inji, na kankare tsatsa a shasi, na shafa fenti. Akwatin raba ƙarfi na Toyota, wanda ke aika juyi gaba da baya, zai ci gaba da aiki, don haka na buɗe shi na sauya boris da robobin tare mai tun yana ƙasa.

2 ga Maris

Zaunar da sabon inji shi ne aikin da ya fi cin tunani zuwa yanzu, domin wuri ɗaya ake nema da zai gamsar da abubuwa biyar a lokaci guda. A Land Cruiser tulun aksil na gaba da na baya duk sun karkata zuwa dama, saboda haka farfelar gaba tana bi ta gefen dama na akwatin giya, kusa da kaskon mansa. A hagu kuwa akwai akwatin sitiyari, wanda bakin salansa yake son ya taɓa. A sama akwai boneti, domin bututun shaƙar iska na injinan manyan motoci dogo ne. A ƙasa kaskon baƙin mai yana leƙowa saman aksil. A baya kuma dole a bar wa hannu wurin da zai kai ga notocin da ke haɗa inji da giya.

Mun rataye injin da sarƙa, muka yi ta motsa shi kaɗan-kaɗan, ana aunawa ana rubutawa a jikin shasi da alli. Abin da mutane da yawa ke mantawa shi ne tazarar da ake gani yayin da mota take tsaye ba ita ce ta gaskiya ba. Sai da muka cire ganyen sifirin na gaba aka bar babban ganye kaɗai, muka ɗaga aksil da jak har ya daki robar tsayawa, sannan muka ga inda tulu zai kai idan mota ta faɗa rami da gudu. A nan ne ya bayyana cewa kaskon asali ya yi zurfi, sai aka maye shi da marar zurfi. Mai walda ya dubi ratar da ta rage ya ce, "Maigida, a bar yatsa biyu a nan, roba takan lotsa idan ta tsufa." Na yarda da shi, aka ƙara ɗaga mazaunin kafin a kama shi da wuta.

A ƙarshe injin ya zauna ya ɗan karkata hagu da kimanin inci guda, hancinsa ya ɗan ɗaga sama. Tsakanin 4L60E da akwatin raba ƙarfi an sa mahaɗi na musamman, kuma da yake sabon jerin ya fi tsohon tsawo, akwatin ya ja baya, wanda ya sa dole a rage farfelar baya a kuma tsawaita ta gaba. Na aika duka biyun wurin da ake yankawa a kuma daidaita nauyinsu da na'ura, domin farfelar da aka yi wa walda da ido kawai takan kawo jijjigar da ba ta ƙarewa.

Da aka sauke motar daga jak, gabanta ya ɗan tashi fiye da da. Wannan V8 bai kai tsohon mai silinda 6 nauyi ba, abin da ba kowa ke tsammani ba.

23 ga Maris

Mai, wuta da ruwa. Kafireta ba ta buƙatar matsi mai yawa, amma wannan inji yana feshin mai ne, kuma yana son matsin da ya kai 58 a ma'aunin matsi na psi ba tare da raguwa ba. Na sa famfon lantarki a cikin tanki, na sauya dukan tiyo da irin wanda aka yi don babban matsi, na kuma yi amfani da matacin mai na motar Chevrolet Corvette wanda ke da madaidaicin matsi a cikinsa, dabarar da masu wannan aiki suka daɗe da sani. A cikin tanki an yi wa famfo ɗan kwano, domin idan mai ya ragu kuma mota ta kishingiɗa a gefen tudu, famfo ya ci gaba da samun abin zuƙa.

Wayoyi sun buƙaci haƙuri fiye da fasaha. Na shimfiɗa su a kan tebur, na bi kowace ɗaya daga tushe, na cire waɗanda suka shafi abubuwan da wannan mota ba ta da su. An sake shirya ƙwaƙwalwar inji aka cire mata tsarin hana sata, wanda idan yana nan injin zai tashi ya mutu nan take saboda bai ga makullin motarsa ta asali ba. Na ajiye ta can sama a bayan dashbod, nesa da ruwa da laka.

Lagireto sabo ne na alminiyam, da keji mai tattara iska zuwa fanka. Akwai wasu ƙananan bututu a saman kawunan wannan inji da ke fitar da tururi. Na haɗa su da saman lagireto, domin idan aka toshe su iska takan taru a inda zafi ya fi yawa. Akwatin giya ma an ba shi nasa ƙaramin lagireto a gaba, saboda manyan tayoyi da tafiyar hawainiya a yashi su ne ke dafa man giya.

6 ga Afrilu

Injin ya tashi. Matsin baƙin mai ya hau nan da nan, zafi ya tsaya inda ya kamata bayan fanka ta kama, babu ɗigon mai ko na ruwa. Na zagaya da ita a hankali a kan tsofaffin tayoyin, giya tana shiga ɗaya bayan ɗaya ba tare da fizga ba.

27 ga Afrilu

Tayoyin sun iso, 35x12.50R15, wato tsayi inci 35, faɗi inci 12.5, na hawa wili mai inci 15, kowace tana kusan kilo 30 ba tare da wili ba. Wilin ƙarfe na zaɓa mai faɗin inci 8 da ramuka 6, wanda ya ɗan fito waje don kada cikin taya ya goga sandar sitiyari ko sifirin. Ban so ya fito fiye da kima ba, domin duk yadda taya ta nisanta daga boris, haka nauyin da ke kansa yake ƙaruwa, sitiyari kuma ya riƙa fizgar hannu a kan duwatsu.

Ɗagawar inci biyu da rabi ba ta isa wannan girma ba, kuma hanya biyu ce a gabana. Ta farko ita ce a mayar da sifirin saman aksil maimakon ƙasansa, wanda ke ƙara tsawo da inci biyar ko fiye a lokaci guda. Ta biyu ita ce a yanka madigadi. Na zaɓi yanka, kuma zan sake zaɓar sa. Doguwar mota mai rufin ƙarfe da gilasai kewaye tana da nauyi a sama tun asali, kuma kowane inci da aka ƙara yana rage kusurwar da za ta iya jurewa a gefen tudu kafin ta kife. Ƙarfen madigadi ba ya riƙe komai, amma tsawo yana tare da mota a kowace kwana.

Na ɗaga taya ɗaya a kan tudun katako har sifirin ya lanƙwashe iyakarsa, na murɗa sitiyari ƙarshen dama da ƙarshen hagu, na zana duk inda roba ta taɓa. A gaba bayan madigadi ne da ƙasan bamba, a baya kuma leɓen da ke kusa da ƙofa. An yanka, an naɗe bakin ƙarfen ciki, an yi walda, an shafa maganin tsatsa. Robobin tsayawa ma an sauko da su kaɗan.

11 ga Mayu

Na bar giyar aksil ta asali da gangan na ɗan lokaci, don in ji da jikina abin da lissafi yake faɗa kafin in sayi wata. Ta asali 3.70 ce, wato zobe mai haƙora 37 da ƙaramar giya mai haƙora 10. Taya mai inci 35 ta fi mai inci 31 da kashi 13 cikin ɗari, kuma a gudun kilomita 100 a awa tana juyawa kusan sau 597 a minti. Giyar ƙarshe ta 4L60E 0.70 ce, wato inji yana juyi 0.70 ne a duk juyi ɗaya na farfela. Idan aka haɗa waɗannan lambobi, injin yana juyawa kusan sau 1,550 kacal a minti a wannan gudu, alhali a da, da tsohuwar giya da ƙananan tayoyi, yana wajen 2,500.

A takarda wannan kamar tanadin mai ne, amma a hanya akasin haka na gani. Gaban motar shafaffe ne kamar bango, iska tana tare ta, kuma a juyi 1,550 injin bai kai inda ƙarfin murɗarsa yake ba. Da an sami ɗan hawa ko iska ta taso, sai giya ta sauka zuwa ta uku, ta koma ta huɗu, ta sake sauka, kuma ma'aunin zafin man giya yana ta hawa. Wannan kai da kawo shi ne ke kashe 4L60E, wanda dama ba a san shi da jure zafi ba. Ƙarfin doki 295 bai rufe wannan giɓi ba ko kaɗan, kuma ina ganin nan ne masu irin wannan aiki suka fi yaudarar kansu, suna zaton babban inji zai ɗauke musu sauya giyar aksil.

Don a koma daidai yadda take a kan inci 31, ana buƙatar kusan 4.18, don haka 4.11 ta kusa. Amma wannan lissafi bai kula da ƙarin nauyin taya ba, bai kuma kula da giyar 0.70 da motar ba ta da ita a da ba. Da 4.11 injin zai juya kusan 1,720, da 4.56 kusan 1,900, da 4.88 kuma kusan 2,040. Na tsaya a kan 4.88, mai haƙora 39 da 8. Akwai abin lura a nan: ƙaramar giya mai haƙora 8 ba ta kai mai 10 kauri ba, sai dai zoben Land Cruiser mai inci 9.5 ne, kuma yana da ƙarfin da zai ɗauki wannan. Wani abin da ya ƙara tura ni ga 4.88 shi ne ƙaramar giyar akwatin raba ƙarfi ba ta wuce wajen ninki biyu ba, don haka duk sauƙin da aka samu a aksil yana da amfani a kan duwatsu.

An sauya gaba da baya tare, domin idan suka bambanta, ranar da aka sa taya huɗu wani abu zai karye. Mai haɗawa ya daidaita ratar haƙora tsakanin milimita 0.15 da 0.20, ya shafa rawayan fenti a haƙoran zobe, ya juya da hannu, muka duba sawun: ya zauna a tsakiyar haƙori, bai hau kai ba, bai nutse gindi ba. Sabuwar giya za ta yi tafiyar sauƙi na kimanin kilomita 800, ana barin ta ta huce, sannan a juye manta.

1 ga Yuni

Da gudu ya kai wajen kilomita 70 kuma tayar gaba ta taka gargada, sitiyari yakan fara rawa, kuma motar ba ta son komawa tsakiya da kanta bayan kwana. Da ƙananan tayoyi wannan ciwo yana nan a ɓoye, manyan ne suka tona shi. A wannan mota maratayin sifirin gaba yana can gaba, don haka dogon marataya yana sunkuyar da aksil, ya cinye ɗan jinginar baya da ke sa taya ta bi hanya miƙe. Na'urar alaimen ta nuna jinginar ta kusa ƙarewa. Na sa tsinin ƙarfe mai digiri 3 tsakanin sifirin da aksil, na ƙarfe ba na alminiyam ba, domin na alminiyam yakan murƙushe har notoci su saki. Ban yarda da ƙara shokoban sitiyari a matsayin magani ba, saboda yana danne rawar ne kawai ya bar sanadinta.

Tunda an buɗe gaba, sai na sabunta boris na gwiwar aksil sama da ƙasa, na daidaita taurinsu da ma'auni mai ƙugiya, na sauya kawunan sandar sitiyari. Sannan na cire haɗin Birfield na asali, wato ƙwallon da ke ba tayar gaba damar juyawa tana lanƙwasa. Shi ne sanannen wuri mai rauni a wannan aksil, kuma yakan fashe ne idan sitiyari yana murɗe iyaka, taya ta yi ta juyawa a iska sannan ta dira ta kama ƙasa farat ɗaya. Na maye su da na ƙarfe mai ƙarin ƙarfi, na ajiye tsofaffin a akwatin kaya don ko ta kwana. Rawar sitiyari ta tafi gaba ɗaya.

15 ga Yuni

Birki yana kama faifai ne a kusa da tsakiyar taya, amma tsayawa a ƙasa ake yin ta, don haka ƙarin kashi 13 a girman taya yana rage ƙarfin tsayawa da kusan kashi 11, ban da ƙarin nauyin da ke juyawa. Ga shi kuma giya mai sauya kanta ba ta riƙe mota a gangara yadda tsohuwar mai kuloci take yi. Na sa masu matse faifai na Toyota 4Runner mai V6 na farkon shekarun 1990, waɗanda fistocinsu suka fi girma kuma suke hawa bayan an ɗan rage farantin kariya. Baya ganga ce, na sabunta takalmanta na daidaita su sosai. Tiyon birki duka an sa dogaye, kuma na gwada su aksil yana rataye don in tabbata ba sa ɗamewa. Ban ɗauki kowa a motar nan ba sai bayan wannan rana.

6 ga Yuli

An juye man aksil na gaba da na baya, maganaɗisun murfin ya fito da laushin toka kaɗan, babu ɓarɓashi. A babbar hanya injin yana zaune a wajen 2,050, giya ta huɗu ba ta ƙara sauka sai an nemi hakan, zafin man giya ya daidaita. Na rage iskar taya bayan na ja layin alli a faɗinta na ga tsakiya kaɗai ke gogewa, yanzu layin yana gogewa baki ɗaya.

A kan duwatsu na sauke iska zuwa psi 15, na sa ƙaramar giya. Injin bai shaƙe ba a hawan da a da yake mutuwa, kuma tulun aksil ya wuce saman dutsen da ya bar masa tabo a baya, sawun tabon yana nan a murfinsa. A gefen tudu motar tana kishingiɗa fiye da da, abin da ya ƙara tabbatar mini cewa tsawon ya isa haka.

Ma'aunin gudu yana karɓar juyi ne daga akwatin raba ƙarfi, don haka yanzu yana nuna fiye da gaskiya da kusan kashi 17, kuma za a sa masa ɗan mahaɗin gyara a bakin kebul. Tayar ajiya ba ta shiga mazauninta na ƙarƙashin mota, sai an ƙera mata mariƙi a bamban baya wanda zai ɗora nauyin a kan shasi. Salansa ta hagu tana bi kusa da tiyon birki, tana buƙatar farantin tare zafi. Sai kuma takardu: dole lambar sabon inji da girman taya su shiga rajista da inshora bisa dokar inda motar take, kuma na tattara hotunan mazaunin inji da waldar shasi don mai duba mota. Mariƙin taya shi ne aiki na gaba, an riga an yanka ƙarfensa.